Mai Gwajin Kujeru

Mu uku ne a shagon da Baba ya bar mana: ni, da Yaya, da Shiru. Shiru shi ne na tsakiya, kafinta ne na gani na faɗa, amma sai ya wuni bai buɗe baki ba, shi ya sa sunan ya bi shi tun yana yaro. Ni ce Auta. Ni ke yanka soso, in ɗinka yadi, in lulluɓe kujera ta fito kamar a lashe. Magana kuwa, har kason Shiru ni aka haɗa wa. Yaya shi ne babbanmu, aikinsa kuma zama.

Kada ku yi dariya, aiki ne sosai. Duk layin masu kayan katako babu shagon da ke da irin abin da muke da shi. Mai saye zai shigo yana yatsina, ya ƙwanƙwasa kujera da bayan yatsa, ya ce, "Anya wannan tana da ƙwari kuwa?" Ni ba na ɓata bakina. Sai in ɗaga murya in ce, "Yaya, ana nemanka."

Yaya zai fito daga ciki a kaikaice, don ƙofar ba ta ɗaukarsa kai tsaye. Ya gaida baƙo cikin mutunci, ya tambayi iyali, sannan ya juya wa kujerar baya, ya ɗaga hannuwa sama, ya saki jikinsa gaba ɗaya, tim! Mata kan yi salati, yara su ɓuya bayan iyayensu. Kujera ko gezau. Daga nan sai ya girgiza hagu, ya girgiza dama, ya dubi mai saye ya ce, "Malam, ka fi ni nauyi?" Ba mu taɓa samun wanda ya ce e ba. Shi ke nan, ciniki ya faɗa.

Da can ba haka yake ba. Yaya shi ya koya wa Shiru riƙe zarto, kuma a lokacinsa babu kafintan da ke ja da shi. Injin yanka katako ne ya ɗauke masa yatsu biyu a hannun dama. Hannun ya warke, amma Yaya bai sake taɓa guduma ba. Ya samu benci a ƙuryar shago ya zauna. Matarsa, da muke kira Anti, ba ta san wata hanyar lallashi ba sai tukunya, ta yi ta cika masa kwano. Shayi kuma sai cokali ya kusa tsayawa a ciki don sukari, ga burodi, ga lemon kwalba mai sanyi duk bayan cin abinci. Tumbi ya fara leƙowa, aka yi masa maraba, ya shigo da kayansa ya tare. Wata rana Yaya ya faɗa kan sabuwar kujera a gaban wani mai gardama, mutumin ya sayi shida nan take. Tun daga ranar Yaya ya sake samun abin da zai tashi da safe dominsa.

Ana nan sai ga wata mata siririya mai tabarau ta shigo. Ta ce likita ce, tana son kujerun da marasa lafiya za su riƙa zama a ɗakin jira na asibitinta. Ta tambayi ƙwari, na kira Yaya, ya yi abin da ya saba. Matar nan ta yi dariya har sai da ta cire tabarau ta share ido. Amma na lura bayan ta gama dariyar ba kujerar take kallo ba. Shi take kallo, yadda yake haki, da yadda sai da ya dafa gwiwa da hannu biyu kafin ya iya miƙewa.

Ta ce, "Na saya. Amma da sharaɗi, shi nake so ya kawo min su da kansa."

Tana fita Yaya ya gyara wuyan riga. "Kin gani ko, Auta? Har likitoci sun san darajar mutum."

Na ce, "Ni ma zan bi ka, kada a yabe ka ka baro musu kujeru kyauta."

Muka kai kujeru, aka jera su, Yaya na shirin sake yi wa ma'aikatan asibiti wasansa sai likita ta ce ya shigo ofis tukuna. Ta ɗora shi a sikeli. Ta ɗauko tef irin nawa na awon yadi ta zagaya cikinsa, sai da na kama mata ɗaya bakin. Ta lallaɓa shi aka ɗebi jini, wannan ƙaton mutum ya runtse ido yana kiran sunan Innarmu da ta daɗe a ƙasa. Bayan kwanaki ta sa muka koma aka yi masa hoton ciki, aka shafa masa wani abu mai sanyi, shi kuma ga jin cakulkuli, gado na ta rawa, mai hoton na ta roƙonsa ya daina dariya.

Da sakamako ya haɗu ta zaunar da mu, ta ce, "Malam, hantarka ta tara kitse."

Yaya ya shafa tumbi. "Ai ko'ina na tara, likita. Me hanta ta yi da za a bar ta a baya?"

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Shi ma da ya ga haka sai ya gyara zama ya ce shi fa bai taɓa kai giya bakinsa ba, in ma abin da take nufi ke nan.

Ta ce, "Na yarda da kai. Gwajin ƙwayoyin cutar hanta ma ya fito lafiya lau. Mutane da yawa sun ɗauka giya da ƙwayar cuta ne kawai ke ɓata hanta. Ƙiba ma tana yi. Kitse ya taru a ciki, hanta ta yi ta kumburi, tana warkewa tana barin tabo. In tabon ya yi yawa sai ta taurare, kuma a irin wannan hantar ciwon daji ya fi samun wurin zama."

Ni dai ba abin da ya shiga kunnena sai ciwon dajin nan. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makaranta ake wa wannan maganar.

Yaya ya ce a hankali, "Ina da shi ke nan?"

"Ba ka da shi. Ba kuma duk mai ƙiba ne ke kamuwa ba. Amma kai tabon ya fara, sukarin jininka ma ya hau, su biyun kuma in sun haɗu hatsarin ƙaruwa yake yi. Shi ya sa na tare ka tun yanzu."

"To ai ni ba inda ke min ciwo."

"Hanta ba ta da ƙorafi. Sai ta yi ta aiki ba ta ce komai ba har abu ya yi nisa."

Bakina da ba ya iya zama wuri ɗaya ya ce, "Ashe Shirun gidanmu ke nan." Yaya ya harare ni, likita ta tambayi wane ne Shiru, muka ɗan samu abin da muka yi murmushi a kai.

Ta ce maganin yana hannunsa. Ba ta ce ya zama siriri kamarta ba. Ko kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ya sauke hanta za ta samu sarari, in ya wuce haka kuma madalla. A hankali za a yi, ba da horon yunwa ba. Ya bar lemon kwalba, ya rage sukari da soye-soye, ya yawaita ganye da wake da kifi, ya riƙa tafiya da ƙafa kullum. Yaya ya ce to. Duk abin da ta faɗa sai ya ce to. Ni da na san shi, yawan "to" ɗin nan bai kwanta min ba.

Da muka je gida Anti ta sha kukanta, ta ce ita ta kashe mijinta da hannunta. Na ce mata bai mutu ba tukuna, ta ajiye kukan ta ɗauko tukunya. Wallahi matar nan ta yi ƙoƙari. Ta sayo ƙaramin faranti, ta ɓoye gwangwanin sukari a inda ita ma sai ta yi tunani take tunawa. Kullum da safe ta tasa shi gaba su zagaya filin ƙwallon unguwa, yana tafe yana mita, tana biye da shi da gorar ruwa. Ni kuma na sayo sikeli na ajiye a shago kusa da keken ɗinkina.

Sati ya bi sati, allurar sikeli tana nan inda take. Anti ta ce sikelin ne ya lalace. Na hau, ya faɗi gaskiyata har da ƙari. Shiru ya hau, daidai. Yaya ya hau yana kallon rufi, ya ce wataƙila shi haka Allah ya yi jikinsa, ko ruwa ya sha sai ya zama nama.

Wata rana da rana tsaka na shiga sito ɗauko soso mai kauri. Sitonmu ɗaki ne mai duhu, soso jibge har rufi. Na ja ɗaya, sai na ji wani abu ya gangaro, ƙwal-ƙwal-ƙwal, ya tsaya a ƙafata. Kwalbar lemo ce, ba komai a ciki. Na ƙara ja, wasu suka biyo ta. Na zagaya bayan tulin soson, sai ga babban yayana, uban 'ya'ya, zaune a kan katifa, burodi a hannun hagu an lafta masa bota, kwalba a hannun dama, kumatu cike.

Ban san lokacin da na fara ba. Na ce, "Yaya! Kai ne? Matarka tana can tana auna maka shinkafa da cokali, ƙafafunta sun kumbura don bin ka fili, kai kana nan kana yi mana ɓarna a bayan soso kamar ɓera? Ba ka ji abin da likita ta ce ba? Ko so kake mu wayi gari muna zaman makoki? In kai ba ka son ranka, mu muna so!"

Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba, don ba a yi wa na gaba irin wannan maganar. Shiru ya kashe inji ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

Yaya bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya ajiye kwalbar a ƙasa. Ya ɗaga hannun nan mai yatsu uku ya juya shi a gabana.

Ya ce, "Auta, na ji likita sarai. Ina jin tsoro fiye da ke. Amma ki faɗa min, in na rame, me zan zama a shagon nan? Shiru na da zarto, ke kina da keke. Ni wannan cikin ne kaɗai abin da nake kawowa. Ran da na faɗa kujera mai saye ya ce ai ya fi ni nauyi, sai in koma gida in zauna kuna aiko min da na cefane? Na taɓa zama haka, na san ɗacinsa. Ba zan iya komawa ba."

Na ajiye soson da ke hannuna. Tausayinsa ya kama ni. Na ce masa ai shagon na Baba ne, kasonsa na nan ko ya zauna ko ya tashi. Ya ce ba maganar kaso yake ba, kuma na san ba ita yake ba. Shiru ya juya ya koma ya kunna injinsa, na ce a raina ka ji shi, ko a jikinsa.

Washegari da safe sai ga Shiru ya turo baro cike da yashi har cikin shago. Na buɗe baki zan yi masa masifar ɓata min yadi da ƙura, ya ajiye wani buhu a kan teburina. Ya nuna Yaya, ya nuna sikeli, ya nuna buhun.

Ya ce, "Abin da ya fita daga jikinsa, a auna yashi a zuba nan. In zai zauna ya rungume."

Ya koma bakin aikinsa, ya gama maganar sati.

Sai da na ɗan yi jim kafin abin ya shige ni. Na buga tsalle na ce, "Kai, Shiru, Allah ya yi maka albarka! Yaya, ka ji? Nauyin da kujera za ta ɗauka ba zai ragu ko kaɗan ba. Kai da buhu, lissafi ɗaya."

Yaya ya taɓe baki ya ce wasan yara ne, wa zai sayi kujera don ya ga mutum rungume da buhu. Na ce ya bar min wannan. Ba zan bari a ga yayana da buhun siminti a cinya ba. Na zaɓo ragowar jan yadi mai laushi, wanda muke sa wa kujerun masu hali, na ɗinka wa buhun riga da zif da hannaye biyu. Na kuma kwashe kwalaben sito kaf na mayar wa mai kantin da ke kusa da mu, na gaya masa in ya sake sayar wa Yaya ko da marfin kwalba ne, ni da shi ne.

Farkon abin ba daɗi. Mutumin da aka raba da sukari ba abokin hira ba ne. Yaya ya yi faɗa da ni, ya yi da Anti, ya yi da mai kawo mana katako, har kyanwar shago sai da ya ce tana kallonsa da raini. Amma ranar da allurar sikeli ta fara ja da baya, shi da kansa ya ɗauki kofi ya auna yashin, yana zubawa yana duban sikeli kamar mai awon zinariya. Ɗan abin da ya taru bai fi ƙaramin filo ba. Ya ɗora a cinya ya ce, "Wannan ne duk wahalar da na sha?" Na ce ya yi haƙuri, jariri ne, zai girma.

Ya kuwa girma. Abin da ban zata ba shi ne yadda masu saye suka ɗauki lamarin. Yaya zai fito rungume da jan buhu, kafin ya zauna an tambaye shi mene ne wannan. Shi kuma da ma neman mai tambaya yake.

"Wannan tumbina ne na da," in ji shi. "Na fitar da shi waje don hantata ta huta. Ka san ƙiba tana kai mutum ga ciwon dajin hanta? Ni ma da ban sani ba. Zauna in gaya maka."

Sai ya zaunar da mutum a kujerar da muke son sayarwa, ya kwashe bayanin likita tsaf ya juye masa, har da ƙarin gishiri. In ya fara wuce gona da iri nakan leƙo in ce, "Yaya, likita ba ta ce haka ba," ya ce ai da ta samu lokaci da ta ce. Wani mai gidan abinci ya zo sayen kujeru, shi ma tumbinsa ya riga shi shigowa. Ya tafi da kujeru, ya tafi da kwatancen asibiti a bayan katin shagonmu. Bayan kwana biyu matarsa ta aiko a yi mana godiya, ta kuma tambaya ko ina ɗinka irin buhun na sayarwa.

Maƙwabcinmu mai sayar da gadaje, wanda ya daɗe yana jin haushin cinikinmu, ya leƙo wata rana ya ce, "Auta, na ga giwarku tana zama tunkiya." Na ce masa e, shi ya sa muke neman wanda zai maye gurbi, ya shigo mu auna shi, da alama ya kusa cancanta. Ya ja cikinsa ya koma, ban sake jin bakinsa ba.

Ba zan ce Yaya bai taɓa zamewa ba. Akwai ranar da ya je walimar abokinsa ya dawo yana kauce wa idona, da aka hau sikeli kuma dole aka buɗe zif aka ɗebe yashi aka mayar baro. Wannan ɗibar ta fi duk faɗana yi masa ciwo. Ya tsaya yana kallon kofin yana cewa, "A hankali mana, Auta, ai bai kai haka ba." Washegari tun kafin Anti ta gama ɗaura ɗankwali ya riga ta fita fili.

Haka muka yi ta yi har shekara ta kusa zagayowa. Na rage masa wanduna har na gaji na ce ya sayi sababbi. Ya fara shigowa ta ƙofar ciki kai tsaye, ranar farko ma bai lura ba sai da na yi guɗa. Munsharin da Anti ta ce yana hana maƙwabta barci ya ragu, ta ce yanzu har takan farka ta taɓa shi ta ji ko yana nan. Na sake wa buhu riga sau biyu don ta yi masa kaɗan.

Ranar komawa asibiti mu duka muka tafi, har Anti da Shiru, muka rufe shago. Muka zauna a kan kujerunmu na ɗakin jira, Shiru na ta shafa ƙasansu yana duba ko wata ta saki. Ni kuwa sai leƙen ƙofar ofishin likita nake. Da likita ta ga Yaya sai ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta duba sabon hoto da gwajin jini ta daɗe, mu kuma kamar mu ƙwace takardar mu karanta da kanmu.

Ta ce kitsen ya ragu sosai, kumburin ya lafa, sukari ya sauko. Tabon da ya riga ya samu yana nan, ba za ta yi mana ƙarya ba, amma bai ƙaru ba, kuma ba ta ga wani abin tsoro ba. Hatsarin ya ragu, bai tafi gaba ɗaya ba, don haka duk bayan wata shida tana son ganinsa a sake dubawa. Anti ta fashe da kuka, wannan karon na daɗi. Yaya ya ce, "Likita, yanzu ko rabin kwalba..." Mu uku muka ce a'a a tare, har Shiru.

Bayan 'yan kwanaki wata shugabar makaranta ta zo da mataimakinta, suna son kujerun ɗakin malamai. Shiru ya yi samfuri ɗaya, ko fenti bai sha ba. Matar ta ce ta ji labarin mai buhu, ba za ta saya ba sai ta gani da idonta. Na kira Yaya.

Ya fito, ya gaishe su, ya sunkuya zai ɗauki buhu. Ya ja, buhu ya ce bai san zancen ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, ya ɗaga shi kaɗan, hannun nan mai yatsu uku ya zame, buhu ya koma ƙasa, dim. A 'yan makonnin nan da ma jan sa yake yi a ƙasa, ban dai yi magana ba. Na ce ya zauna kawai mu ɗora masa. Ya zauna, ni da Shiru muka kama hannayen buhun, ina nishi, muka ɗora masa a cinya.

Kujera ta yi wani ɗan ƙara, ƙyas, wanda in ba ɗan gida ba babu mai ji. Baƙi suka tafa, shugaba ta ce lallai abin da aka faɗa gaskiya ne. Amma Yaya bai yi tambayarsa da ya saba ba. Ya ɗora hannuwansa a kan jan yadin, yana kallon buhun, numfashinsa na fita da ƙyar.

Ya ce, "Auta, da wannan nake kwana, da shi nake tashi?"

Na ce, "Da shi, Yaya."

Ya girgiza kai. "Ku ɗauke min. Ku ɗora shi a kujerar shi kaɗai. Na ji wani abu a ƙafarta ta baya."

Muka sauke, ya tashi, muka ɗora buhun a mazaunin. Sai kawai na ga Yaya ya tattare wando ya durƙusa. Ya tsuguna har ƙasa, ya kwantar da kafaɗa, ya cusa kai ƙarƙashin kujera. Na dubi Shiru, Shiru ya dube ni. Rabon da mutumin nan ya iya kai hannu ko igiyar takalminsa mun manta, balle ya ga cikin kujera ta ƙasa.

Muryarsa ta fito daga can ƙasa. "Shiru, danna min buhun nan ta hagu. Yawwa. Ka ji ta? Haɗin nan bai zauna ba, ramin ya yi faɗi, gam kawai ka cika masa. Haka na koya maka?"

Shugabar makaranta ta ce, "Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe, babban kafintanmu ne ke dubawa." Na juya na kama gyaran wani soso da ba abin da ya same shi, hawaye na zuba a kai.

Hannun nan mai yatsu uku ya leƙo daga ƙarƙashin kujera, a buɗe.

"Ba ni guduma," in ji Yaya, "da ɗan siririn katako."

Shiru ya je ya buɗe akwatin Baba, ya ɗauko tsohuwar gudumar Yaya, ya goge ta da gefen rigarsa, ya sa masa a hannu.